Shekarar da Arzika Ya Sayar da Keken Ɗinkinsa

'Ya'yana, na iso inda ba zan iya tsallakewa ba. Tun da na fara rubuta muku labarin rayuwata nake kewaye wannan shekara, yau kuma hanya ta ƙare a bakinta. Kun san Baba Arzika na Shagari, manyanku sun ci goronsa, kun kuma sha jin ina cewa son yawon duniya ne ya kai shi Kurmi har shekara bakwai. Ba haka ba ne. Ni na ƙaga wannan magana, na yi ta maimaita ta har ta zauna, shi kuwa bai taɓa ƙaryata ni ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Ga yadda abin ya faru.

Bayan an gama yaƙin Bama da 'yan shekaru, ina aiki a Gusau, a wani kamfanin Turawa mai sayen gyaɗa da auduga. A garinmu Bodinga kowa Akawu yake ce mini. Gaskiyar magana kuwa, aikina shi ne in ɗora buhu a kan sikeli, in kira nauyinsa ga mai alƙalami, in sauke, in ɗauko wani. Wasiƙar farko da na aiko gida cewa na yi na samu aiki wajen awo. Wanda ya karanta wa mahaifiyata ya ƙara gishiri, ya ce akawun awo. Da labarin ya dawo mini ban gyara ba, don na ji daɗinsa. A can Gusau kuma wata ƙaryar na shuka. Da abokan aiki suka tambaye ni gidanmu, sai na ce mu masu shanu ne, aikin nan don ganin gari kawai nake yi. Ka ga ke nan a Bodinga ni akawu ne, a Gusau ni ɗan masu garke ne, kuma muddin garuruwan biyu ba su haɗu ba, lafiya lau nake.

Shanun ba ƙarya ba ne ɗungurungum, mun taɓa yin su. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, mutuniyar Horo Birni ce, cikin shanu ta tashi, da nata kuma aka kawo ta gidan mahaifina. Annoba ta share su ina yaro, mahaifina ya rasu bayan haka, Inna ta koma sayen nono a hannun wasu tana dama fura tana sayarwa. Ranar da zan tafi Gusau na yi mata alkawarin saniyar tatsa. Na ga yadda hannunta ya tsaya a kan ludayi. Shekara guda da rabi ina tara kuɗin nan, ina cin garin rogo da ƙuli-ƙuli, har suka cika. Na ɗaure su cikin lalita a ƙuguna, ina jiran hutu.

Da bazara ta shigo aka rufe awo, kamfani ya ba mu hutun mako biyu. Ina da abokai biyu a wurin aiki. Ɗaya Malam Lawal, Bazazzagi, shi ne akawun gaske, shi ya koya mini ɗan bokon da nake rubuta muku wannan da shi. Ɗayan Tanko, direban lori, Bakano, mutum mai dariya da sakin hannu, wanda albashinsa ba ya kwana uku a aljihunsa. Lawal ya ce bai taɓa wuce Gusau ya nufi wajen Sakkwato ba, zai bi ni. Tanko ya ce ba za a bar shi a baya ba. Ba yadda zan ce a'a. A cikin mota na raɗa musu cewa a gida akawu ake ce mini, don Allah kada su tona. Suka yi dariya, Lawal ya ce ai daga yau dukkanmu akawuna ne. Da muka isa, Tanko ya leƙa bayan gida ya tambayi shanu, na ce sun tafi kiwon rani bakin gulbi. Lokacin ya dace da maganar, ba wanda ya sake tambaya.

Washegari da hantsi muna zaune a zaure, Tanko ya kawo shawarar da ta zama sanadin komai.

"Tafiya irin wannan ba a yin ta da ƙunshe-ƙunshe," in ji shi. "Kowa da ranarsa. Yau tawa ce, duk abin da za a ci a sha ni ne. Gobe Malam Lawal, jibi mai gida. In mun zagayo mu sake."

Lawal ya dube ni ya ce, "Umaru, in abin zai yi maka nauyi ka faɗa. Kai ka ba mu masauki, ya isa."

A lokacin zauren cike yake da samarin unguwarmu da suka zo ganin Akawu da baƙinsa. Na ji idanunsu a kaina. Na ce, "Wane nauyi, Malam? A garinmu kuke."

Tanko ya fara. Ya sayi rago, ya kira mahauci ya kafa tukuba a ƙofar gidanmu, aka yi tsire da balangu, aka dafa shayi da madarar gwangwani, abin da wasu a unguwar ba su taɓa ɗanɗanawa ba. Ya buɗe kwalin sigari ya ajiye a kan tabarma, kowa ya ɗauka. A ranar Lawal aka yi hayar basukur uku, wato kekunan hawa, muka tafi fadamar Danchadi, muka wuni cikin lambuna muna shan rake a inuwa, da la'asar kuma ya kira masu kalangu suka yi mana kiɗa. Da tawa ranar ta zo, na kwana da sanin cewa ba zan yi ƙasa da su ba, tunda ni ne ɗan gari, ni ne kuma mai shanu. Na shiga ɗaki na kwance lalita. Na ce wa kaina kaɗan zan taɓa, in na koma Gusau in cike. Amma taron da ya ci ragon Tanko ya ninka, don labari ya kai unguwanni. Rago ɗaya bai isa ba. Maroƙa suka zo ba a kira su ba, suna kirarin Akawu ɗan Inna, mai alƙalamin da Nasara ke jin tsoro. Duk lokacin da suka ambaci sunana hannuna sai ya tafi aljihu da kansa. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin ranar nan. Mutumin da ya shekara yana ɗaukar buhu ana yi masa tsawa, in ya ji ana kiran sunansa da kalangu, wani abu yakan kwance a kansa.

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Da safe na shiga gaishe ta, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Kai wanga," ta ce, "baƙin ga naka mutanen kirki na. Amma kowa yad daka rawar wani, shi kan rasa turmin daka tashi."

Na ce, "Inna, kwana nawa ne duka? Baƙo raɓa ne."

"Raɓa ba ta cin rago," in ji ta. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ba ta ambaci saniya ba, ni ma ban ambata ba. Aka zagayo, rana ta sake faɗowa kaina, na sake kwance lalita. Kafin mu cika kwana takwas, abin da ya rage a cikinta ko tunkiya ba zai saya ba.

A wannan rana Arzika ya zo. Tare muka yi makarantar allo a Bodinga lokacin da yake zaune wajen kawunsa, tabarma ɗaya muke kwana, ƙwarya ɗaya muke ci. Da ya girma ya koma Shagari ya koyi ɗinki. Mahaifinsa, Baba Nomau, ya sayar da bijimansa biyu ya saya masa keken ɗinki na ƙafa, a zamanin da kekunan kasuwar Shagari ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Da keken nan yake ciyar da tsohon, da matarsa Hajo, da 'yarsu ƙarama. Mutum ne marar yawan magana. Ya zo a kan jaki, muka rungumi juna, na gabatar da shi ga baƙina. Ya zauna a gefen tabarma, ya ɗan taɓa nama, ya fi yawan kallo. Da zai tafi na raka shi bakin hanya.

"Umaru," ya ce, "ranar kassuwa ku taho Shagari. Ba a zakkuwa har Bodinga a koma ba a sha ruwan gidanmu ba."

Na amsa da to, amma na lissafa na ga ranar kasuwar Shagari a kaina za ta faɗo. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya. Na yi tunanin in kira Lawal gefe in gaya masa gaskiya. Har na tashi sau ɗaya na nufe shi, na tarar yana ba samari labarin yadda ni da shi muke rufe littafin kamfani, yana yi mini ado don ya faranta mini. Na koma na zauna.

Muka isa Shagari da hantsi, rana ta riga ta yi zafi. Arzika ya tarye mu a ƙofar gida, an share zaure an shimfiɗa sababbin tabarmi. Kafin mu gama shan ruwa Tanko ya dafa kafaɗata ya ce yau ranar mai shanu ce, a ga abin da za a gani. Arzika ya ɗaga hannu.

"Wagga al'ada taku ta tsaya Bodinga," ya ce. "Nan garinmu na. In dai kuna Shagari, ba mai sa hannu aljihu sai ni."

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na yi 'yar gardamar da ake yi don kunya, ya ƙi, na yi shiru da sauri.

Kwana uku muka yi. Abin da Arzika ya yi bai gaza na Tanko ba, ya ma fi. Aka yanka rago, aka dafa shinkafar fadama da man shanu, kaji kuwa safe da yamma. Ya sayo shayi da madara da sigari, shi da ko taba ba ya sha. Da maroƙan kasuwa suka gano mu suka fara kirarin Akawu, kafin in motsa ya riga ya miƙa musu, yana cewa baƙonsa ba ya biyan maroƙi a garinsa. A rana ta uku ya ba Lawal da Tanko kowa hula da turmin saƙi na tsaraba. Tanko ya ce da ya san haka ɗinki yake da ya bar tuƙi.

Ga abin da nake so ku sani game da mahaifinku. Sauƙin da na ji bai wuce wuni ɗaya ba, sai ya juye ya zama haushi. Na fara ce wa kaina Arzika gasa yake yi da ni, so yake ya nuna wa baƙina cewa tela ya fi akawu. Na san abin da tela ke samu a bazara, lokacin da ba salla ba kaka, mutane na tattalin hatsi. Na san bai kai ko kusa da abin da ake kashewa ba. Amma ban bar tunanina ya ƙarasa inda ya nufa ba. Ko da na shiga cikin gida gaida Hajo, ta amsa mini daga bakin madafa a taƙaice, ba wasan da muka saba. Ta ce, "Kun ji daɗin garinmu?" Na ce ƙwarai. Ta ce, "To madalla." Ta juya ga tukunyarta. Baba Nomau kuwa, da ganinsa ya riga ya yi rauni, ya riƙe hannuna a zaure ya ce Allah shi yi wa aikina albarka, tunda ga shi har abokina ya samu abin yi wa baƙi hidima. Tsohon ya ɗauka ni na ba Arzika kuɗin. Na ce amin.

Safiyar da za mu tafi, Lawal da Tanko suka wuce bakin hanya jiran mota, ni kuma na bi ta kasuwa don in yi sallama da Arzika, an ce mini ya fita rumfarsa. Na same shi zaune a kan tabarma, ya ɗora wata riga a gwiwa yana ɗinki da allura. Inda keken yake tsayawa babu komai, sai sawun ƙafafunsa huɗu da suka lotsa ƙasa, da ɗigon mai a tsakiya.

Na ce, "Arzika, ina keke?"

Bai bar ɗinkin ba. Ya ce, "Na aika da shi Sakkwato gyara. Wani ƙarfe yal lalace."

Na tsaya. Na san Arzika tun muna yara, na san yadda yake sunkuyar da kai in ya faɗi abin da ba shi ne ba. Na san kuma shi da kansa yake kwance keken nan ya ɗaura, ba ya yarda wani ya taɓa. Maganar ta zo har bakina. Sai na ji ƙahon mota daga bakin hanya, Tanko yana kiran sunana. In na sake tambaya, dole in ji amsa, in na ji amsa kuma dole in yi wani abu, ni kuwa ba ni da komai sai sunan Akawu.

Na ce, "To, Allah ya sa a gyara lafiya."

Ya ce, "Amin. Ku sauka lahiya."

Na juya na tafi.

A Bodinga muka kwana, da safe na shiga wajen Inna na durƙusa na gaya mata kuɗin saniya sun tafi. Ta ce, "Na sani. Ni na wanke tukanen." Ta ɗauko ƙullin fura ta ba ni na guzuri, ta ce in gaida mutanen Gusau. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A cikin motar komawa Lawal ya ƙara mini wani ciwon ba da saninsa ba. Ya ce shi duk tafiyar nan abin da ba zai manta ba furar Inna ce, da wunin da muka yi a lambunan Danchadi muna shan rake. Ya ce nama da kiɗa ai ko'ina akwai, har ma sun gundure shi, ya yi shiru ne don ya ga mu muna so. Tanko ya ce shi ma da ya san abin zai zama taron gari da bai kawo shawarar ba, ya koma Gusau ko kuɗin sabulu babu. Muka yi dariya mu uku. Ashe kowa cikinmu yana jiran wani ya fara cewa ya isa.

Labarin Shagari ya riƙa iso ni guntu-guntu ta bakin 'yan cin rani. Keken bai dawo daga gyara ba. An ce an gan shi a rumfar wani tela a Dandin Mahe. Masu kawo wa Arzika ɗinki suka yi haƙuri da allura wata biyu, da salla ta matso suka koma wajen masu keke. Bayan kaka ya sayar da ɗan abin da ya noma, ya bar wa gida hatsi, ya bi ayarin masu tafiya Kurmi, da niyyar rani ɗaya ya samo kuɗin wani keken. Rani ɗaya ya zama biyu. Daga nan aka ce ya ƙetara har Kumasi. Baba Nomau ya rasu a shekara ta uku, maƙwabta suka yi masa sutura. Na je gaisuwa, Hajo ta amsa mini daga bayan zana, ban ga fuskarta ba.

Ni kuwa na koma garin rogo da ƙuli-ƙuli. Bayan shekara biyu na sake tara abin da zai sayi saniya, ko kuma ya sayi tsohon keke in an ƙara kaɗan. Na yi kwanaki ina juya abin. Na sayi saniya. Ba na nadamar Inna ta sha nonon saniyarta kafin ta rasu, haƙƙinta ne. Abin da nake nadama shi ne dalilin da na ba kaina. Na ce ai ba ni na sa shi ba, girman kansa ne ya ja masa. A lokacin ne na fara cewa Arzika mai son yawo ne. Na bar Gusau daga baya, na dawo Bodinga na kama sayen fata da ƙirgi, Allah ya buɗa mini, na auri mahaifiyarku. Sunan Akawu ya bi ni har yau, ba wanda ya tambayi littafin da na taɓa riƙewa.

Ana tsakiyar maganar zaɓe da mulkin kai aka ce mini Arzika ya dawo. Na yi mako biyu ban je ba. Ranar da na je, na same shi da la'asar a gindin wata bishiyar bedi kusa da kasuwa, da faifan goro a gabansa, an rufe da jiƙaƙƙen algarara. Ya rame, furfura ta fito masa, alhali sa'ana ne. Ya gan ni ya yi murmushi, ya matsa mini a kan tabarma, ya fasa goro ya ba ni rabi. Muka gaisa, na yi masa ta'aziyyar Baba. Sannan na faɗi abin da na zo faɗa, ina kallon ƙasa. Na ce ni ban taɓa zama akawu ba, buhu nake ɗauka. Na ce ranar da muka zo Shagari ba ni da ko na rago ɗaya, da bai ɗauke mini ba da na kunyata. Na ce na yi shekaru ina zarginsa da gasa.

Ya saurare ni har na gama.

"Umaru, ni tela na," ya ce. "Tun randa niz zo Bodinga nig gane. Rigar da kas sa ba taka ta ba, kahwaɗarta ta hi ka da yatsa ukku. Da munka rungumi juna kuma na ji kanta ga wuyanka. Alƙalami ba shi yin kanta nan."

Gaskiya ya faɗa. Rigar ta Lawal ce, aro ya ba ni a hanya. Ban rubuta muku haka a baya ba don har yanzu kunyar abin nake ji.

Na ce, "To me ya sa ka yi? Kai da iyali, da tsoho a gida."

"Na ga sun kewaye ka, na ga idonka. Nic ce in sunka zo garinmu ka kunyata, ba ka ƙara iya komawa wurin aikinka, ba ka kuma iya zama Bodinga. Keke kau ƙarhe na, ana samun wani." Ya ɗan yi dariya. "Haka nis zata."

Na ce masa gobe-goben nan zan tafi Sakkwato in sayo masa sabo, wanda ya fi na da, yanzu ina da hali. Sai ya zaro hannunsa na dama daga cikin riga ya ɗora a gwiwa. Sai a lokacin na lura da hagu yake ta fasa goro. Babban yatsa da manuni sun lanƙwashe sun ƙage, ba sa motsi. Ya ce gungumen katako ne ya faɗo masa a wajen lodi, shekara huɗu da suka wuce. Shi ya sa bai dawo da wuri ba, ya rasa abin da zai zo ya ce wa tsohon da ya sayar da bijimai dominsa, labarin rasuwarsa kuwa bai iske shi ba sai daga baya.

Wata mata ta zo ta sayi goron kwabo, ya ƙulla mata da hannu ɗaya da haƙori.

Da ta tafi na ce, "Arzika, ka yafe mini."

"Na yahe tun tuni," ya ce. "Ni niy yi abina, ba ka roƙe ni ba. Abu guda ɗai yat tsaya min a rai. Wanda yas sayi keken ya ba ni kwana bakwai, in na maido mai kuɗɗinai in ɗauki abina. Rabin kuɗɗin na nan ban taɓa ba. Da kat tsaya rumfata da sahen nan, na so in hwaɗa ma, ko kai da baƙinka ku san dabara. Bakina yak kasa. Nic ce bari shi sake tambaya, in ya sake in hwaɗi."

Ya gyara algararar a kan goron, ya yayyafa mata ruwa.

"Sau guda kat tambaya, Umaru."

Aka kira sallar magariba. Na ɗauki faifan goron na riƙe masa, muka nufi masallaci.